AMSAR WASIƘUNKU: Layin Da Ke Tsakiyar Mandolin, Tsaga Ce Ko Haɗi?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gwanjo. Ya ce a cikin kayan da ya saro ya tarar da wani abin kiɗa kamar ƙaramar gita, mai tsirkiya takwas, irin wanda ya taɓa gani a fim ɗin Indiya. Da ya duba sai ya ga wani siririn layi ya ratsa tsakiyar fuskarsa daga wuya har gindi, ya juya bayansa ya ga irin layin. Wani mai saye ya ce masa ai fashewa abin ya yi aka liƙe, don haka sai dai ya karya masa kuɗi. Shi ne yake tambaya: mene ne sunan wannan abu, kuma da gaske ne fasasshe ne? Akwai kuma wani kafinta da ya taɓa rubuto mana yana neman sanin yadda Turawa ke haɗa katako biyu su zama kamar ɗaya, babu ƙusa babu noti. To, bari mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Malam mai tambaya, sunan abin nan mandolin. Kuma kada ka yi saurin karya kuɗin kayanka. Indai layin nan a miƙe yake sak, a tsakiya daidai, kuma ka bi shi da farce ba ka ji rami ba, to ba tsaga ba ce. Da shi aka ƙera abin. Fuskar mandolin da bayansa kowanne falle biyu ne na katako aka manne gefe da gefe, kuma wannan manni yana cikin ayyukan farko da maƙerin mandolin ke yi, yana kuma cikin waɗanda yake taka-tsantsan da su fiye da kowanne.

Fim ɗin da ka gani, watakila shi ne Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Shah Rukh Khan ke yawo da mandolin a cikinsa. Amma asalin abin ba na Indiya ba ne, na Italiya ne. A birnin Nafoli aka fito da irin wanda ya bazu a duniya, wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma gidan da ya yi suna wajen ƙera shi su ne zuriyar Vinaccia. Tsirkiyarsa takwas ce, amma biyu-biyu ake ɗaure su, kowace biyu murya ɗaya, wato murya huɗu ke nan, daidai da ta gogen Turawa. Na Nafoli bayansa ƙulu yake kamar rabin duma, ana harhaɗa shi da siraran katako da aka tanƙwara, wani ma ya fi guda 30. Can daga baya wani Ba'amurke mai suna Orville Gibson, a garin Kalamazoo ta jihar Mishigan, ya kawo wata dabara: a sassaƙe fuska da baya daga katako mai kauri, su ɗan yi tozo kamar na gogen Turawa. An ba shi takardar mallakar wannan fasaha a 1898, aka kafa kamfani da sunansa a 1902. Daga 1922 zuwa 1924 wani ma'aikacin kamfanin, Lloyd Loar, ya sa hannu a kan wani samfuri da ake kira F-5, wanda har yau shi masu ƙira ke kwaikwayo. Wannan iri mai tozo shi zan fi yin bayani a kai, domin a nan ne haɗin ya fi wuya.

Kafin mu shiga, ku tuna da namu kayan kiɗan. Garaya, da molo, da gurmi, da goge, har da kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, dukansu fata ce ake shimfiɗawa a bakin ƙwarya ko kwamin itace ko gwangwani, a ɗora jaki a kanta, tsirkiya ta hau kan jakin. In an kaɗa tsirkiya, jaki ya kai girgizar ga fata, fata ta buga iska, mu kuma mu ji amo. To, a mandolin katako ne ke yin aikin fatar nan. Shi ya sa dole ya zama marar nauyi, siriri, amma mai ƙarfi. Shi ma jakinsa ba a manne shi, tsirkiya ce ke danne shi a wurinsa. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne, kuma in an ɗaure su duka takwas, jan da suke yi ya kai wajen kilo 80. Daga cikin wannan, kimanin kilo 20 na sauka kai tsaye a kan fuskar ta ƙafafun jaki. Ka ƙaddara ka ɗora jarka cike da ruwa a kan katakon da kaurinsa bai kai na fensir ba, ka bar ta a nan dare da rana, shekara da shekaru. Layin da kake tambaya a kai yana ƙarƙashin wannan kaya ne.

To, me ya sa ba za a yi da katako guda ba a huta? Amsar tana cikin itacen. Ana yin fuskar da wani itace na ƙasashen sanyi da ake kira sifurus, dogo ne miƙaƙƙe, ganyensa kamar allura. Bayan kuma ana yin sa da mapul, itacen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada. A ƙasashen sanyi itace na girma da bazararsu, ya tsaya cik lokacin ƙanƙara, saboda haka kowace shekara tana barin zobe ɗaya a cikin kututture. Mai ƙira ba ya son katakon da aka yanko a kwance kamar yadda injin tsaga katako ke yi wa na rufin ɗaki. So yake a faskara gungumen daga tsakiya zuwa ɓawo, kamar yadda mai kankana ke yanka ta ɓari-ɓari. In an yi haka, zobban nan za su tsaya a tsaye cikin katakon, a jere kamar haƙoran matsefi. Irin wannan yanka ya fi ƙarfi, ba ya saurin kantarewa, kuma motsinsa da sauyin yanayi kusan rabin na ɗaya yankan ne.

Sai dai faɗin mandolin wajen inci 10 ne. Kafin ka sami inci 10 daga tsakiya zuwa ɓawo, bayan ka zubar da zuciyar itacen da farin da ke dab da ɓawo, sai gungumen da kaurinsa ya haura ƙafa biyu, marar ƙulli, marar murɗiya. Irinsa bai da yawa, kuma da tsada. Amma inci biyar da ɗoriya ba wuya. Don haka sai a ɗauki ɓari guda, a raba shi biyu da zarto ta tsawonsa, a buɗe shi kamar yadda ake buɗe littafi. Fallayen biyu tagwaye ne, abin da ke hagu shi ke dama, taurinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, saboda haka fuskar za ta yi girgiza daidai wa daida. Akwai kuma wata riba. Ɓarin kankana ai ta wajen ɓawo ya fi kauri. In aka haɗa gefen nan biyu masu kauri a tsakiya, sai katakon ya fito kamar jinka, tsakiya a tashe, gefe a kwance, daidai da tozon da za a sassaƙa. Ba a yi asarar itace da yawa ba ke nan.

'Yan kasuwa, ga wani abu da zai amfane ku a nan. Wani lokaci za ka ga rabin fuskar ya fi ɗaya rabin duhu, in ka juya abin kai ƙasa sai duhun ya koma ɗaya ɓangaren. Ba tabo ba ne, ba kuma canjin katako aka yi ba. Jijiyar itacen ce ta ɗan karkata, da aka buɗe fallayen sai ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma, haske na faɗa musu daban. A bayan mandolin kuwa, inda mapul ke da wani zane mai walƙiya kamar an yi masa tsaga, haɗin na sa zanen ya gamu a tsakiya kamar ƙashin bayan kifi. Akan sami baya na falle guda, masu saye na son sa don kyan gani, amma falle biyu shi ne aka saba.

Yanzu sai haɗin kansa. Malam kafinta, matso kusa da rediyo.

Abu na farko, katakon sai ya bushe sarai. Masu wannan sana'a sukan ajiye shi shekaru a inuwa inda iska ke ratsawa, sa'an nan su shigo da shi ɗakin aiki ya yi makonni ya saba da iskar wurin. Sukan riƙe laimar iskar ɗakin tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Daga nan a daidaita ƙasan kowane falle ya kwanta lif, sai a juyo kan gefen da za a manna. Da abin kankare katako na hannu ake yi, irin wanda kafinta ke turawa yana fitar da ɓawo a nannaɗe, amma dogo, mai tsawon inci 22 ko 24. Dalilin tsawon shi ne, gajere bin katako yake yi, ya hau tudu ya gangara kwari, ya bar su yadda ya same su. Dogo kuwa a kan tuddai yake hawa, yana cin su har su yi daidai da kwarin. Wuƙarsa kuma sai ta yi kaifin askar wanzami, a saita ta tana ɗebo ɓawon da ya fi takarda siranta. Wasu sukan kife abin kankarewar a maƙale shi, su riƙa tura katakon a kansa, wasu kuma su kwantar da shi a gefe bisa wani allo da aka shirya domin haka. Duk hanyar da aka bi, abin da ake nema ɗaya ne: gefe biyu su haɗu tun daga wannan ƙarshe har wancan, daga sama har ƙasa, ba tare da an matsa su ba.

Yaya ake sanin an samu? Da haske. A haɗa fallayen a ɗaga su saitin taga ko fitila, a bi layin da ido. Duk inda haske ya ɓullo, ko da kamar silin gashi ne, aiki bai ƙare ba, a koma a sake kankarewa. Gwaji na biyu, a tsayar da falle ɗaya a ɗora ɗayan a kansa, a ɗan tura ƙarshensa da yatsa. In ya juya a tsakiya kamar dutsen niƙa a kan tsakuwa, akwai tudu a tsakiya, kuma wannan shi ne mafi muni, domin bakunan biyu za su buɗe. In kuwa ya cije ta ƙarshe biyun, to an kusa. Da yawa daga cikin gwanaye ma da gangan sukan bar ɗan rami a tsakiya, ƙanƙane ƙwarai, wanda matsin hannu kaɗai ke rufewa. Hikimar ita ce katako ta kan bakinsa yake saurin shan iska ya bushe, kamar yadda rake ke fara bushewa ta inda aka sare shi. Bakin ne ke fara tsukewa, kuma ta nan haɗi ke fara buɗewa. In an bar bakunan a matse fiye da tsakiya tun farko, an riga an yi maganin abin.

Wani zai ce, ai gam zai cike ɗan ramin da ya rage, ko kuma a sa ƙarfen matsi a murɗa har ya rufe. To, a nan ne gizo ke saƙar. Ka tuna wannan katako sassaƙe shi za a yi. Lokacin da ake manna shi, kaurin wurin haɗin ya kusa inci guda. Bayan an sassaƙe waje an rarake ciki, abin da zai rage a tsakiya bai fi milimita 4 zuwa 5 ba, can wajen gefe ma kusan 3. Ashe ke nan yawancin mannin da ka yi zai bi ɓawo ya tafi shara, kuma ɗan abin da zai saura yana can cikin katakon ne, inda idonka bai gani ba ranar da ka manna. In sama da ƙasan gefen sun haɗu amma cikinsa akwai kogo, ba za ka sani ba sai ka yi kwanaki kana sassaƙa, sa'an nan baƙin layi ya bayyana a tsakiyar aikinka. In kuma da ƙarfi ka tanƙwara katakon ya rufe, ai bai yarda ba, shiru kawai ya yi. Yana nan yana ja da baya, ga nauyin tsirkiya a kansa, ga zafi ga sanyi, wata rana sai ya koma inda ya fito. Ni a ganina, duk sauran bayanin gam da matsi ƙari ne a kan wannan. Shi ya sa kuma ba na goyon bayan a gyara gefen da samfefa a hannu. Tana cinye kusurwa ta mai da gefen kamar bayan cokali, ta kuma bar gari a ƙofofin itacen. Akwai masu manna samfefar a kan miƙaƙƙen ƙarfe su yi aiki da ita, suna kuma samun biyan bukata, amma wuƙa mai kaifi ta fi ta barin wuri mai tsabta. In an gama, kada a shafa gefen da hannu, saboda maiƙon jiki, kuma a manna a ranar.

Sai gam. Wanda aka gada tun kaka da kakanni daga fatar shanu ake dafa shi. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun yi aiki da irinsa a kayan katakonsu, kuma da shi Antonio Stradivari, wanda ya mutu a 1737, ya haɗa gogunansa da har yanzu ake kaɗawa. Yana zuwa a bushe, tsaba-tsaba kamar ƙaro. A jiƙa shi a ruwan sanyi ya kumbura, a sa kwanonsa cikin wani kwano mai ruwan zafi har ya narke. Zafin da ake so wajen digiri 60 ne a ma'aunin Santigirat, kada ya tafasa, domin tafasa na kashe ƙarfinsa. Wahalarsa ita ce gaggawa. Kun san yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa in ya huce? To, ɗan'uwansa ne. Da ya bar wuta, cikin minti guda ko ƙasa da haka ya fara kama jikinsa, in kuwa ya daskare kafin katakon su haɗu, an yi aikin banza. Don haka ake ɗumama gefen katakon tukuna, a rufe taga, a tanadi komai kusa da hannu, har ma a gwada haɗin sau ɗaya ba gam don hannu ya saba.

Masu ƙera gogen Turawa suna da wata hanya da za ta ba kafinta mamaki. Sukan maƙale falle ɗaya a tsaye, su shafa gam mai zafi a gefe biyun, su ɗora ɗayan a kai su riƙa goga shi gaba da baya. Rarar gam na fita, iska na fita, can sai ka ji katakon ya cije ya ƙi motsi. A daidaita shi nan take, a sake shi, a tafi. Ba ƙarfen matsi ko ɗaya. Gam ɗin fata in yana bushewa tsukewa yake yi, sai ya jawo fallayen biyu da kansa. Amma fa wannan ba ya yiwuwa sai gefen sun haɗu tsaf, domin gam ɗin fata ba ya cike rami.

Na zamani kuma akwai gam ɗin kafinta fari ko rawaya na cikin roba, irin su Titebond, wanda masu ƙera mandolin da yawa ke amfani da shi. Yana ba da mintoci kafin ya kama, ba ya bukatar wuta, kuma yana da ƙarfi. Aibinsa shi ne in ya sha zafi sosai, kamar a bar abin kiɗan cikin mota a rufe da tsakar rana, yakan yi laushi ya saki a hankali. Shi wannan dole a matse shi. Matse katako mai siffar jinka kuwa sai da lura, domin gefensa na waje siriri ne, in ka matsa ta nan sai tsakiyar ta tashi, haɗin ya buɗe ta sama ko ta ƙasa. Akan yanke ɗan mataki a gefen domin bakin ƙarfen ya zauna saitin tsakiyar kaurin, ko a sa ƙarfe biyu ta ƙasa ɗaya ta sama. Matsin kuma daidai misali, har gam ya ɗan tsattsafo a tsawon layin kamar jerin tsakiya. In ka murɗa da ƙarfin tsiya, ka matse gam ɗin ya fice, ka bar haɗin da yunwa. Gam ɗin masu gyaran takalmi kuwa, wanda ke zama kamar roba, ba shi da wuri a wannan aiki ko kaɗan.

Akwai mandolin mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, marar tozo, wanda fallayensa tun farko sirara ne kamar na gita, wajen milimita 3. Shi ba a bukatar ƙarfe ma. A kwantar da fallayen a kan allo, a sa takarda mai maiƙo ko leda ƙarƙashin layin don kada su manne da allon, a gitta sanduna a sama, a zagaye da igiya, a buga weji tsakanin igiya da sanda. Ko kuma a sa ɗan siririn katako ƙarƙashin layin ya ɗaga shi kaɗan, a kafa ƙusoshi a allon dab da gefen waje biyu, a zare katakon, a shafa gam, a danna tsakiyar ƙasa ta kwanta, a ɗora nauyi. Ƙusoshin ba su shiga jikin aikin ba, tokare shi kawai suka yi.

Ko ta wace hanya aka bi, a bar shi ya kwana, awa 24 ya fi. Sa'an nan ga jarrabawar da ba ta ƙarya. In an zana siffar mandolin an yanke da zarto, guntayen da suka faɗi ta sama da ta ƙasa suna ɗauke da layin haɗin. Mai ƙira zai ɗauki guntu ya karya shi da hannu ko da guduma. In ya rabu a kan layin, fes, gam na ƙyalli a gefe biyu, haɗin bai yi ba, gara a tsaga shi a sake tun yanzu. In kuwa itacen ne ya yage a gefe ya bar layin a manne, to alhamdu lillahi, a ci gaba da sassaƙa.

Bayan sassaƙa akwai wani haɗin kuma, wato manna fuska da baya a jikin bangon gefe. Shi bangon siririn mapul ne da aka tanƙwara da zafi, bakinsa bai da faɗin da zai riƙe gam, don haka ake bin cikinsa da wani ɗan katako mai tsaga-tsaga don a ƙara masa faɗi. Galibi fuska ake fara mannawa, bayan an sa mata 'yan sanduna biyu ta ciki masu tallafa mata, a rufe da baya daga ƙarshe, a zagaye da ƙananan abin matsi masu yawa. Dokar dai ita ce ta ɗazu: su zauna da kansu kafin a shafa gam.

A nan ne maganar ta shafi ƙasarmu. Manomi ya san ƙyauren katako na kumbura da damina har ya ƙi rufuwa, da rani kuma ya saki. Ya san ƙotar gatari na yin sako-sako da hunturu sai an jiƙa ta. Katako ta faɗinsa yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Mandolin da aka rufe a ɗaki mai laima kashi 45, in ya zo nan ya gamu da hunturu, lokacin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, fuskarsa za ta nemi tsukewa da fiye da milimita 1. Ga shi kuwa an ɗaure ta ta kowane gefe. Tozon yakan ɗan sauka ya ba da wuri, amma in abin ya yi yawa sai wani wuri ya ba da kai, ko dai itacen ya tsage, ko layin tsakiya ya buɗe, yawanci ta wajen gindi. Abin da aka haɗa da rani in ya shiga damina kumbura kawai zai yi, wannan da sauƙi. Wanda aka haɗa da damina shi ke fashewa da rani. Kafintan da zai haɗa saman tebur ko ƙyaure da falle-falle, shi ma wannan ta shafe shi.

Saboda haka, malam ɗan kasuwa, ka fitar da kayanka waje da safe ka duba layin da kyau. Ka danna gefe da gefensa da yatsa a hankali ka ga ko ɗaya na motsi ban da ɗaya. Ka ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa, lafiyayye amonsa a dunƙule yake, mai tsaga kuwa yana da 'yar kakkarwa kamar fasasshiyar ƙwarya. Tsaga ta gaskiya ba ta cika zama a tsakiya daidai ba, jijiyar itace take bi, sau da yawa daga bakin ramukan da sauti ke fita. In ka tarar layin ya buɗe, ka sassauta tsirkiyoyin nan da nan, kada ka bari datti ko mai ya shiga, kuma don Allah kada ka ɗura masa gam ɗin nan mai kamawa nan take, domin zai bushe a cikin ramin ya hana shi rufuwa, ya ɓata wa mai gyara aiki. Ka sa shi cikin akwatinsa tare da ɗan soso mai laima a cikin gwangwani mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon. Sau da yawa cikin 'yan kwanaki bakin zai matso da kansa. Mai gyara sai ya sa gam, ya matse, ya liƙa 'yan ƙananan katako ta ciki a gicciye kamar ɗinki.

Kada kuma a ɗauka wanda aka gyara ya tashi daga aiki. Shahararren makaɗin Amurka Bill Monroe yana da F-5 ƙirar 1923, mai ɗauke da sa hannun Lloyd Loar. A watan Nuwamba na 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi da ƙarfen tona wuta. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson mai suna Charlie Derrington ya zauna ya tsince gutsattsarin, ɗaruruwa, ya manne su ɗaya bayan ɗaya cikin wajen wata uku. Monroe ya karɓi abinsa a 1986 ya ci gaba da kaɗawa, ya rasu a 1996, kuma mandolin ɗin yana ajiye a gidan tarihin kiɗa da ke birnin Nashbil.